Kwabon azurfa mai kan Sarkin Rum: na gaske ne, kuma nawa zai yi?

Tambaya: Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya bar mana wani ƙaramin kwabon azurfa da ya ce ya samo lokacin da yake aiki a Libiya. Akwai kan wani mutum mai gemu, an zagaye shi da rubutun SEVERVS PIVS AVG. Yaya zan gane ko na gaske ne, kuma zai yi tsada? Daga wani mai karatu a Damagaram.

Amsa: Allah ya gafarta wa Baba. Malam, kafin komai ina roƙonka kada ka wanke kwabon nan. Kada ka sa masa toka ko lemun tsami, kada ka goge shi da yashi don ya yi ƙyalli. Duhun nan da shekaru suka ɗora masa yana cikin shaidarsa, kuma masu saye suna karya farashin wanda aka kankare.

Rubutun da ka karanta sunan Septimiyus Seferus ne, wanda ya mulki Rum daga 193 zuwa 211 miladiyya. Haifaffen Leptis Magna ne, a gaɓar tekun Libiya ta yau. AVG taƙaitawar Agustus ce, laƙabin sarautar sarakunan Rum. Irin wannan kwabo sunansa dinariyus, kuma daga gare shi kalmar dinari ta samo asali.

Sai dai rubutu ba ya isa hujja, domin mai yin jabu ma ya iya kwafa. Ka kai shi wurin mai sayar da zinari ya ɗora maka a ƙaramin sikelinsa. Dinariyus na zamanin Agustus, sarkin daular Rum na farko, yana kai giram 3.9, Sarki Nero ya rage shi a shekara ta 64, a zamanin Seferus kuwa yawanci yana tsakanin giram 3 da 3.5, faɗinsa milimita 18 zuwa 20, kuma kusan rabinsa ne kawai azurfa. In ya yi nisa da wannan nauyi, akwai alamar tambaya. In mayen ƙarfe ya ja shi, magana ta ƙare, jabu ne.

Abin da na fi dogara da shi shi ne yadda aka ƙera shi. Rumawa buga wannan kuɗi suke yi: a sa ɗan curin azurfa tsakanin hatimi biyu na ƙarfe, a maka masa guduma. Shi ya sa na gaske ba ya zama da'ira cif, hoton kan ɗan karkace gefe, bakinsa kan yi ƴan tsage-tsage, kuma za ka ga siraran layuka suna fita daga haruffa zuwa baki, inda ƙarfen ya gudu saboda ƙarfin bugu. Yawancin jabun da ake sayar wa baƙi a kasuwa kuwa zubi ne, kamar yadda maƙerin farfaru ke narka ƙarfe ya zuba. Ɗauki gilashin ƙara girma ka bi bakin kwabon a hankali. In ka ga layin haɗi ya zagaye shi, ko alamar an goge layin da zarto, ko ƙananan ramuka kamar na kumfa a fuskarsa, ko haruffan sun yi laushi kamar sabulun da ya sha ruwa, to zubi ne. Akwai kuma jabun da tun a zamanin Rum aka yi shi, tagulla a ciki, azurfa a sama. Shi ma tsoho ne, yana da masu nemansa, amma kuɗinsa bai kai na asali ba.

Daga nan ka ɗauki hoton fuska biyun ka kwatanta da na rumbun OCRE da ke intanet, mai tattara hotunan kuɗin sarakunan Rum, wanda ƙungiyar masana tsofaffin kuɗi ta Amurka ke kula da shi. Bayan kwabon ne zai nuna maka ainihin nau'insa.

Batun farashi, ba na son ka sa rai da yawa. Tsufa kaɗai ba ya sa tsada. Seferus ya buga kuɗi masu ɗimbin yawa don biyan sojojinsa, har yau ana tono su tuli-tuli, don haka nau'in da aka saba gani gomman daloli yake yi, mai kyau sosai ya haura ɗari. Abin da ke ɗaga farashi shi ne ƙarancin nau'in, lafiyar hoton, da takardun da ke nuna hannun da ya bi. Kwabon zinarin Burutus, ɗaya daga cikin waɗanda suka kashe shugaban Rum Yuliyas Kaisar, mai rubutun EID MAR, an sayar da shi fam miliyan 3.24 a gwanjon Landan a 2020, amma da aka gano tarihin mallakarsa na ƙarya ne, sai aka mayar da shi Girka a 2023. Libiya ma tana da dokar hana fitar da kayan tarihi, saboda haka duk wata wasiƙa, hoto ko fasfo da ke nuna shekarar da Baba ya dawo da shi, ka adana su tare da kwabon a busasshen wuri, cikin ambulan takarda.