Tambayoyin Masu Karatu: Ƙira da Takarda, Hutu a Yankari da Batun Nutso a Teku

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da 'ya mai shekara 11 wadda ba ta da abin sha'awa kamar ninke takarda tana ƙera tsuntsaye da furanni, har mahaifinta na cewa ɓarnar littattafai kawai take yi. Muna shirin zuwa Yankari mu kwana a hutun ƙarshen shekara, yayanta kuma ya nace sai ya koyi nutso irin wanda ya gani a bidiyo ana yi a teku. Shin ya dace ta tafi da kayan takardarta? Shi kuma zai iya koyon nutson a ruwan Wikki, marmaron nan mai ɗumi da ke cikin Yankari?
Wata uwa daga Pantami, Gombe

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki gaya wa Alhaji ya kwantar da hankalinsa, domin abin da yarinyar take yi fasaha ce da Japanawa suka shahara da ita da sunan origami, kuma wani masaninta, Akira Yoshizawa, wanda ya rasu a 2005, ya kai ta har ɗakunan baje kolin zane na ƙasashen Turai. Tana koya wa yaro haƙuri da lissafin kusurwa tun kafin a zo masa da shi a allo. Don littattafan makaranta su tsira, a tara mata tsofaffin jaridu, kalandar bara da kwalin sabulu, sannan a yanka takardun su zama murabba'i, tunda yawancin siffofin daga nan suke farawa. Idan aikin na buƙatar gam, ƙaro da aka jiƙa a ruwan ɗumi ko sitacin rogo da aka dama ya isa.

Ta tafi da kayanta, amma a sa su cikin roba mai murfi. Biran sansanin Wikki ba su da kunya ko kaɗan, duk ledar da suka hango a hannun yaro abinci suke zato, sai su fizge ta su haye bishiya. Ga kuma hunturu, wanda ke sa takarda ta bushe ta riƙa tsagewa a wurin ninki. Da yamma, bayan an dawo daga kallon namun daji a gefen kogin Gaji, babu abin da zai tara yara wuri guda kamar kowa ya gwada ƙera giwar da ya gani. Takardun da aka yanke kuma a kwashe su, kada a jefa ko jirgin takarda ɗaya cikin ruwan.

Batun yayanta ya fi nauyi. Ruwan Wikki garau yake, ɗuminsa yana tsayawa wajen digiri 31 dare da rana, kuma wuri ne mai kyau na koyon iyo a gaban babba, amma zurfinsa bai wuce kimanin mita 2 ba, don haka ba makarantar nutso ba ne. Nutso da tukunyar iska a teku yana buƙatar malami mai lasisi, saboda nauyin ruwa a kan jiki yana ƙaruwa sosai a kowace mita 10, kuma wanda ya riƙe numfashi yayin tasowa zai iya fasa huhunsa. Ƙungiyar PADI, mai horar da masu nutso, ba ta ba yaro shaidar nutso sai ya cika shekara 10 kuma ya iya iyo. Idan Allah ya kai ku Jidda, akwai makarantun nutso a gaɓar Bahar Maliya, sai dai a tabbata an bar tazarar yini guda tsakanin nutson ƙarshe da hawa jirgin dawowa gida.