Kana Faransa, kana son gona kusa da Dan Isa

Wani ɗan'uwa da ke aikin gini a Faransa ya rubuto yana cewa ya tara 'yan kuɗi, yana son sayen gona a karkarar Madarunfa a Nijar, kusa da Dan Isa da ke iyaka da Najeriya, amma abokansa na cewa Yamai ta fi.

Ƙanena, ni dai ban ga laifin tunaninka ba. Kuɗin da zai saya maka ɗan fili a Yamai, a ƙauyen Madarunfa gona zai ba ka har da rijiya. Kuma sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655,957 a rubutun Faransanci, wato kusan 656, don haka abin da kake aikowa ba ya narkewa a hanya kamar na mai riƙe da naira. Ga kasuwa biyu a gabanka: Maraɗi a baya, Jibiya da Katsina a gaba, har Kano. Wake, riɗi, aya, jar akuyar Maraɗi, duk masu saye suna tsallaken iyaka, harshenku ɗaya, da yawa ma dangi ne. Idan ka samu wuri a bakin Gulbin Maraɗi ko wajen Jiratawa, noman rani na zogale da tumatir zai riƙe gida bayan an cire amfanin damina. Yara kuma su tashi a gaban kakanninsu, jami'ar Dan Dicko Dankoulodo na nan cikin garin Maraɗi idan sun girma.

Sai dai kada ka ɗora lissafinka a kan iyakar. Najeriya ta rufe ta a Agustan 2019, sai Disambar 2020 ta fara buɗe wasu mashigai, ta Jibiya kuwa sai Afrilun 2022. An sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 har Maris 2024. Waɗanda suka dogara da fito kaɗai sun sha wuya. Mai hatsi a rumbu ya ci abinsa, ya sayar da saura a Maraɗi. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka soma a 2021 ma, bari ka ji ƙarar jirgi tukuna.

Batun takarda shi ne inda 'yan ci-rani ke faɗuwa. Kada ka yarda da "ai ɗan gida ne". A rubuta takardar saye gaban mai gari da shaidu, a kai wa hukumar filaye, Kofo, da sunanka, ba na yayanka ba, komai amanarsa. Ka tambaya ko gonar gado ce, duk magada sun yarda?

Ka kuma zo da kanka ka ji labarin tsaro daga bakin mutanen ƙauyen, don ɓarayin shanu da masu garkuwa sun addabi wasu garuruwan bakin iyakar. Ka sabunta takardar zamanka kafin ka taso. Idan mai shekara 10 ce, rashinka a Faransa fiye da shekara 3 a jere yana kashe ta.