Injina na sassaƙar katako yana gudu yadda ya ga dama

Assalamu alaikum. Ni kafinta ne a Zariya, ina fitar da ƙafafun tebur da na gado da ƙaramin injin da ke juya katako, na hannu na saya. Kusan wata biyu ke nan gudunsa ba ya tsayawa wuri ɗaya: ina cikin aiki sai ya zabura, can kuma ya lafa, wani lokaci sai na ɗan bugi akwatin wutar ya tashi. Mai gyara ya ce in sayi sabon allon wuta, wato wanda ke sarrafa gudun injin, kuɗin kuwa ya kusa rabin na injin. In saya?

Wa alaikumus salam, Malam. Riƙe kuɗinka tukuna. Allon da ya ƙone ba ya jin duka. Yawanci alamarsa biyu ce: ko injin ya ƙi tashi sam, ko ya tashi da gudunsa na ƙarshe komai juyin da ka yi wa makunnin. Naka kuwa, tunda yana farfaɗowa in an buge shi, wani abu ne ya saki ko ya yi datti.

Kafin ka kwance komai, kasa kunne. In ƙarar motar lantarkin da ke juya injin ba ta canja ba amma katakon ya rage gudu da ka ɗora kurfi, bel ne ke zamewa, sai ka ɗaure shi ko ka canja. In motar ce da kanta ke hawa da sauka, to mu shiga ciki.

Abin da na fi zargi shi ne makunnin gudun, wanda masu gyaran rediyo ke kira bolum. A cikinsa akwai siririn layin kabon da wani ɗan harshe ke bi. Garin katako ya fi fulawa laushi, ga ƙurar hunturu ta Zariya, duk ciki suke taruwa, harshen ya riƙa taɓawa yana saki. Zare filogi, ka jira minti 5 ko fiye, don kondensa na riƙe wuta bayan an kashe. Cire wayoyin bolum ɗin ka ɗora mitar gwaji ta masu gyara, a ma'aunin ohm, a ƙafafunsa biyu na gefe. Yawanci za ka ga 5k ko 10k, wato ohm 5,000 ko 10,000, kuma an rubuta a bayansa. Sannan mayar da tsinken mitar ɗaya ƙafar tsakiya, ka juya bolum ɗin a hankali. Lamba ta hau sannu a hankali, lafiya lau. In tana tsalle ko tana ɓacewa, ka kama ɓarawon. Sayi mai lamba iri ɗaya, amma mai harafin B, ba na rediyo ba, wanda hawansa ba daidai yake tafiya ba. Na taɓa sa na rediyo saboda gaggawa, duk gudun ya taru a ƙarshen juyi, ban sake ba.

Sai burushin kabon, wato guntayen kabon biyu da ke kai wuta cikin motar. Ƙananan injinan nan yawanci motar DC ce da su, za ka ga murfin roba biyu a gefenta. Buɗe su, ka zaro burushin ka duba. In sun cinye, ko sufirin da ke danna su ya mutu, canja duka biyun lokaci guda. Tartsatsi mai yawa da warin ƙuna duk daga nan ne. Daga nan ka bi kowace waya a kan allon kana ja a hankali, girgizar injin na kwance su. Hure ƙurar da iska, ban da ruwa, ban da fetur.

Ba ka faɗa min wutar da kake ba shi ba. Tamu 230V ce, in kuwa injin daga Amurka ya fito, na 120V ne, sai da taransifoma mai ƙarfin ɗaukarsa. Ƙaramin janareta da ake haɗa shi da injin yankan katako ma yana sa wannan hawa da saukar, don haka gwada shi shi kaɗai.

Har ka gyara, kada ka ɗora babban katako. Masu wannan sana'a na da lissafi: faɗin katako da inci, a ninka da juyi a minti, kada ya wuce 9,000. Ƙafar tebur mai inci 3 tana da sarari, amma akushi mai inci 12 iyakarsa juyi 750. In injin ya zabura da shi, fuskarka zai nufa. In ka bi duk wannan bai daina ba, rubuto min da lambar da ke jikin allon, mu ga ko ana gyara shi.