Lafiyata ƙalau, dole sai na je awon jini da suga?

Malam ka ce masu awon kyauta sun zo unguwarku amma ba abinda ke damunka, don Allah ka je. Hawan jini ba ya sallama, mutum zai yi shekaru yana yawo da shi ko ciwon kai babu, sai dai kawai a ji ya yanke jiki ya faɗi ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta taɓu, haka ta faru da kawuna wallahi, har yau da sanda yake tafiya.

Awon ko minti biyar baya kaiwa. In jinin ya kai 140/90 ka je asibiti a sake aunawa wata rana, awo ɗaya baya yanke hukunci. Suga kuma gara da safe kafin ka karya, in ta kai 126 (a ma'aunin mg/dL) ka ga likita.

A gida a rage gishiri, Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta ce kar ya kai giram 5 a rana, ƙaramin cokalin shayi kenan, kuma maggi ma gishiri ne. Lemon kwalba a sassauta. Ka tafi da Hajiya ita ma a auna ta.