Gudu yana ciyar da mace kuwa?

Tambaya: Malam, 'yata tana aji biyu na babbar sakandare a wani ƙauye kusa da Ringim. Duk inta-haus ita ke cinye tseren mita 100 da 200. Babanta ya ce gudu ba sana'a ba ne, da ƙafa ta gaji shi ke nan. Akwai macen da gudu ya riƙe har girma?

Amsa: Hajiya, maigidanki yana da rabin gaskiya. Ƙafar ɗan tsere ba ta daɗewa, da wuya a wuce shekara talatin da 'yan kai ana gaba. Amma bari in ba ki labarin Nell Jackson.

Baƙar fata ce 'yar Amurka, an haife ta a 1929 a jihar Jojiya, lokacin da wariyar launin fata ta raba makarantu da filayen wasa. A Tuskegee, makarantar baƙaƙe ta jihar Alabama, ta koyi gudu. Ta je Olamfik ta Landan a 1948, ta dawo hannu rabbana. Shekara ɗaya bayan haka ta yi mita 200 cikin daƙiƙa 24.2, wanda ya zama sabon tarihin matan Amurka a wannan tsere.

Abin da ya fi burge ni shi ne bayan ta ajiye takalmi. A 1956 aka ba ta shugabancin masu horar da matan Amurka 'yan guje-guje da tsalle-tsalle a Olamfik ta Melbon, baƙar fata ta farko da ta riƙe wannan kujera. Cikin 'yan matan da ta kai akwai Wilma Rudolph, 'yar shekara 16, da ta samu tagulla a gudun miƙa sanda, ta kuma kwashe zinare uku a Rum a 1960. Nell ta sake jan tawagar a 1972. Karatu kuwa ba ta sake shi ba, har digirin digirgir ta yi, ta koyar a jami'a, ta rasu a 1988.

Ko a gida, Mary Onyali da gudu ta samu gurbin karatu a Texas, ta je Olamfik sau biyar.

Ki roƙi malamin wasanninsu ya auna mata fili da tef, ya riƙe agogo, a rubuta lokacinta kowane wata. Cinye 'yan makarantarsu ba ma'auni ba ne, sai an ga daƙiƙa. Dogon wando da hijabin wasa kuma ba sa hana gudu, in ma shigar ce ke damun Alhaji.