Amsa ga mai tambaya kan shiga dajin White Mountain a watan Janairu

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, sannu da zuwa. Ka ce watanka huɗu a Boston, abokan aiki sun matsa sai ka bi su dajin White Mountain na jihar New Hampshire cikin Janairu, kana so ka san wanne ya fi maka, katakon zamiya ko takalmin nan mai faɗi na taka dusar ƙanƙara, kuma ko akwai haɗari. Hunturu shida ke nan ina zuwa wurin, bari in gaya maka abin da jikina ya gaya mini.

Ka fara da takalmin. Abu ne kamar faifai mai ɗan tsawo, ana ɗaure shi a ƙarƙashin takalminka na sanyi, yana da haƙoran ƙarfe a ƙasa. Aikinsa ya baza nauyinka kada ka nutse har gwiwa. In ka iya tafiya, ka iya shi. Abin da za ka koya kawai ka ɗan buɗa ƙafa, kuma kada ka ja da baya kai tsaye, domin jelarsa za ta caki ƙanƙara ka faɗi zaune. Katakon kuwa, siriri ne dogo, yatsun ƙafa kaɗai ke maƙale, dunduniya a sake. A fili daɗi gare shi, kana tafe kamar ana tura ka. Amma gangare ko ɗan yaya, in ba ka iya birki ba, bishiya ce za ta tsayar da kai. Idan kana marmarinsa, ka ware wata Asabar ka je ƙauyen Jackson, inda injin ke gyara hanyoyi ya zana layi biyu da za ka sa ƙafa a ciki. Ana biyan kuɗin shiga, akwai hayar kaya, akwai masu koyarwa.

Wurin da zan ce ku fara shi ne Lincoln Woods, a kan titin Kancamagus, kamar mil 5 daga garin Lincoln. Daga Boston awa biyu da 'yan kai ne ta babbar hanya mai lamba 93. Za ku ƙetare wata gada mai lilo a kan reshen gabas na kogin Pemigewasset, daga nan hanya ta miƙe shimfiɗe kusan mil 3, saboda asalinta layin dogo ne na masu sarar katako. Sarar da aka yi wa tsaunukan nan da gobarar da ta biyo baya su suka jawo dokar Weeks ta 1911, wadda ta ba gwamnatin tarayya damar sayen filayen, aka kafa dajin a 1918. Yanzu ya kai wajen eka dubu 800. Wani ladabin hanya: in ka ga layin masu katakon zamiya, ka bi gefe. Taka musu layi da takalmi kamar taka wa mutum shanya ne, ba za su yi magana ba amma za ka ga fuska.

To, batun haɗari. Kowa sanyi yake tsoro, amma ni gumi ne ya kusa kai ni ƙasa. Zuwana na farko na jibga kaya kamar mai gadin dare a Jos: singileti na auduga, riga biyu, ƙatuwar jaket. Ba mu yi rabin awa ba na jiƙe sharkaf. Da muka tsaya cin abinci, minti goma bai cika ba audugar nan ta koma kamar an liƙa mini tsumma daga firji. Haƙora suna haɗuwa, yatsu sun ƙi buɗe zif. Na ɗauko gorar ruwa, bakinta ya daskare. Wata dattijuwa cikin ayarin ta zuba mini shayi daga filas, ta ba ni busasshiyar rigar ulu, ta ce in tuɓe ta ciki a nan take. Kunya ta kama ni, amma na tuɓe. Tun ranar ba na sa auduga a jikin fata, sai ulu ko yadin roba na 'yan wasanni. Ina barin mota ina ɗan jin sanyi, jaket tana cikin jaka, sai an tsaya nake sa ta. Gorar ruwa kuma a kife nake ajiye ta, tunda daga sama ruwa ke fara daskarewa. Dabino ma yakan zama tsakuwa, sai a aljihun ciki, shi da waya, don sanyi na shanye batir.

Abu na biyu duhu ne. A Janairu kafin ƙarfe 5 rana ta faɗi, cikin bishiyoyi kuma tun kafin nan gari ya dushe. Ka riƙe tocila ta goshi, ku sa lokacin juyawa tun a mota, ko an kai ko ba a kai ba. Yawancin titin Kancamagus babu sabis, babu gidan mai. Azahar da La'asar duk a hanya za su same ka, don haka ka fito da alwalarka.

In wani cikinsu ya ce ku hau Dutsen Washington, ka ce a kai kasuwa. Tsayinsa ƙafa 6,288 ne, a kansa aka auna iska mai gudun mil 231 a awa a watan Afrilun 1934, kuma kwarin Tuckerman da ke gefensa ƙanƙara na zaftarewa. Mutane na mutuwa a can, har da gwanaye. Jihar ma tana iya cajin mutum kuɗin ceto idan aka ga sakacinsa ne, shi ya sa wasu ke sayen katin Hike Safe, katin jihar da ke ɗauke wa mai shi wannan kuɗin.

Wurin ajiye mota a Lincoln Woods ana biya, kuma ranar Asabar yana cika da wuri. Ku isa kafin ƙarfe 9. In ba ka da safar hannu mai kauri ka yi mini magana, ina da guda biyu a ajiye.