Kada ka ɗaga eMMC ɗin nan

Ka ce tunda wayar dillalin nan na kasuwar Maigatari ta faɗa kwarin ban ruwa kuma fanel, wato babban allon da ke cikin wayar, ya mutu, me zai hana mu ɗaga eMMC, guntun da ke ajiye bayanan wayar, mu ɗora a na'urar karatu, mu kwaso masa hotuna da lissafin bashinsa. Ajiye bulowar (na'urar hura iska mai zafi) tukuna, yaro.

A da ana yin haka. Amma tun Android 6 a 2015 Google ta fara wajabta kulle bayanai a wayoyin da ke da ƙarfin ɗauka, daga Android 10 a 2019 kuwa duk sabuwar waya da kullenta take fitowa, kowane fayil da makullinsa. Tsarin kullen ana kiran sa AES, makullinsa mai tsawon bit 256 ne. Ƙananan wayoyi masu raunin sifiyu (CPU, ƙwaƙwalwar wayar) ma ba a bar su ba, an yi musu wani mai suna Adiantum. In ka karanta eMMC ɗin za ka ga gigabayit 32 cif, amma shirme zalla, ko hoto ɗaya ba zai buɗe ba.

Makullin ba ya zaune a wuri ɗaya. Wani ɓangare daga lambar sirrin mai waya yake fitowa, wani kuma an dasa shi cikin sifiyu tun daga kamfani, a wani keɓaɓɓen sashe da ake kira TrustZone wanda ba ya sakin sa waje. Sai ukun sun haɗu: lambar, sifiyun asali, da ma'ajiyar asali. Kamar rumbu ne mai kwaɗo biyu, ɗan makulli ɗaya a aljihun mai gida, ɗaya a gine cikin bango.

Za ka ce lambar sirri mai lamba huɗu ai haɗuwa 10,000 ce kacal, kwamfuta ta gwada duka. Gwajin dole ta cikin sifiyun nan zai bi, shi kuwa ƙirgawa yake. An yi kuskure sau 5, sai a jira daƙiƙa 30, jiran kuma ƙaruwa yake yi.

Don haka aikinmu tayar da fanel ne, ko na minti goma. Cire batir, wanke fanel da sifirit, goge koren tsatsar nan da ke bakin soket, ya bushe sarai. Haɗa shi da fawa safulai a bolt 4. In ya ja wuta kafin ka taɓa maɓalli, akwai shot, wato wuta na bin inda bai kamata ba. Nemi kafasitan da ke zafi ka cire shi, in ba shi ba ne ka duba IC ɗin wuta. Dalmar fanel tana narkewa wajen digiri 217, saboda haka rufe sifiyu da eMMC da tef mai jure zafi. In komai ya ƙi, sai a ɗauke su biyun tare zuwa lafiyayyen fanel iri ɗaya, wannan kuwa hannunka bai kai ba tukuna. Kada ka yi filashin, kada ka yi risetin. Su ne ke share makullin, daga nan ko kamfanin bai iya dawo da komai.

Masu bincike ma ba lissafin AES suke kai wa hari ba, gefe suke bi. Tun 1999 Paul Kocher da abokan aikinsa suka nuna ana iya gano makulli daga yadda guntu ke shan wuta yana aiki. Yanzu dubban irin wannan awon ake koya wa kwamfuta har ta gane salon da kanta. Aikin ɗakin bincike ne, ba na rumfarmu ba. Kwamfutar kwantum da kake ji, wani tsarin kulle daban mai suna RSA take yi wa barazana, shi ya sa hukumar NIST ta Amurka ta fitar da sabon ma'auni, ML-KEM, a Agustan 2024. AES mai 256 yana nan daram.

In wayar ta tashi, Alhaji mai wayar ne zai sa lambarsa da hannunsa, ba kai ba. Kafin nan tambaye shi ko yana tuna imel ɗinsa na Google, wataƙila hotunan suna can.